Littafin da Ban Ƙarasa wa Kawu Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma Kawu ya koma wata ranar Talata a tsakiyar damina, ni ina makarantar kwana ina haddar sunayen kogunan ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba. Saƙon ya kwana biyu a hanya, ni ma na kwana a Faskari ina jiran direban da zai yarda ya sa motarsa cikin laka. Ban iso ba sai ranar sadakar uku.

Na tarar da tabarmi cike a ƙofar gida, mutane daga Ƙanƙara da Daudawa har da Sabuwa. Na sunkuyar da kai na wuce ciki, amma katangar gidanmu ba ta riƙe magana. Kowa na cewa Allah ya ji ƙansa, sai dai kowa da irin mutumin da yake yi wa addu'ar. Tsofaffin Daudawa da suka yi aikin auduga tare da shi tun zamanin Turawa sun ce ba a taɓa kama sikelinsa da ha'inci ba. Liman ya ce mutumin sahun farko ne, ya ƙara da cewa kowane bawa da irin jarrabawarsa. Wani maƙwabcinmu yana ta kuka da shessheƙa har aka tsawata masa. A cikin gida kuwa, wata dattijuwa da ke tsince shinkafar sadaka, ba ta san ina bayanta ba, ta ce wa ta kusa da ita ai mutumin kirki ne, da bai gamu da littafin nan ba.

Ni ce na karanta masa littafin nan. Don haka gara in faɗi abin da na sani, kafin masu tsince shinkafa su gama rubuta tarihinsa.

Yayan mahaifiyata ne. Ta rasu ina ƙarama, ya ɗauko ni ya ba matarsa, wadda nake ce wa Inna, don su ba su da ɗa rayayye. Gida ɗaya suke da yayansa, Alhaji, wanda shi ne mai unguwa: zaure ɗaya, rijiya ɗaya, sashe biyu. Kawu ya yi elemantare, ya ƙaro Turanci a bakin Turawan auduga, har ya zama shi ake kira in baƙo ya zo a yi tafinta. Dogo ne, siriri, mai son shayi ba madara, mai tsanar a tsaya masa a kai yana cin abinci. Ni kuwa Malama Gaggawa yake ce mini, kuma bai yi ƙarya ba.

Littafin, wani ɗalibi ne daga Zariya ya bar masa. Ya zo bincike kan manoma, Kawu ya zaga da shi ƙauyuka, da zai tafi ya ce ba shi da tukwicin da ya wuce wannan. Bango ya riga ya cire, shafukan farko ma babu, sai Kawu ya yi masa riga da takardar buhun siminti ya ɗinke da zaren kaba. Ɗalibin ya faɗi sunan marubucin, harshen Kawu ya ƙi ɗauka. Abin da ya riƙe shi ne, wani Ba'amurke ne masanin yadda harsunan mutane suke aiki, wanda ya ajiye wannan gefe ya juyo yana faɗa da gwamnatin ƙasarsu kan yaƙin da take yi da wasu manoman shinkafa can gabas mai nisa. Sai ya raɗa masa suna Malamin Harshe, muka bi shi a haka.

Yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani. Ƙananan baƙaƙen boko sun fi ƙarfinsa, amma yana ganin rubutun hannunsa in ya yi shi manya-manya. Saboda haka duk hutu, in an yi la'asar, sai ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ni in riƙe littafi da ƙamus, shi ya riƙe alƙalamin kara da tawada. In karanta jimla, mu yi ta ja-in-ja har ta zama Hausa, ya rubuta ta da ajami. Kowane shafi da Bismillah yake buɗe shi, kamar yadda aka koya masa tun yana riƙe da allo. Inna tana can bakin murhu, ta ce mu dai ba mu da aiki, mutanen da ba mu san ko suna wanka ba mun ɗauki nauyinsu mun aza a kai.

Ba zan yi ƙarya ba, karatun nan ya gundure ni. Malamin Harshe ba ya gajiya. Jimlarsa ɗaya sai ta ci rabin shafi, ya kawo abin da wannan jarida ta ce, da abin da wancan babban jami'i ya ce, ya jera su kusa da abin da ya auku a ƙasa. Kawu ma yana da ƙorafinsa. Ya ce mutumin nan bai taɓa riƙe fartanya ba, ana ji a bakinsa, kuma duk tsawon littafin bai ji ya ambaci Allah ba. Amma sai ya ce a ci gaba. Abin da ya kama shi ba jiragen yaƙin ba ne. Abin da ya kama shi, yadda marubucin ya fi jin haushin 'yan'uwansa masu ilimi, waɗanda ke zaune a ofis suna nemo wa ƙona ƙauye suna mai daɗin ji. Ranar da muka kai wurin nan Kawu ya ajiye alƙalami.

"Da mu yake," ya ce. "Da ni yake."

Ya ba ni labari, abin da bai taɓa yi ba, cewa a Daudawa sau da yawa Bature zai faɗi magana mai ɗaci, shi kuma ya sa mata zuma kafin ya miƙa wa manoma, don taro ya watse lafiya a ce tafinta ya iya aiki. Ya ce sikelinsa dai bai taɓa cutar kowa ba, amma ba zai rantse wa bakinsa ba.

Daga nan ya ɗauko wata ɗabi'a da ta hana kowa jin daɗin rediyo a zaure. In mai labarai ya ce an samu asarar rayuka, sai Kawu ya ce, "Samu aka yi? A ina aka tsinta? Wa ya kashe, wa aka kashe?" In aka ce an ɗauki matakin da ya dace, ya ce ya dace da wa. Mutane suna dariya da farko. Lokacin kuɗin mai ne, kowa na da ɗa ko ƙane da ya tafi Kaduna leburanci ya dawo da rediyo da agogo, ba wanda ke son a ɓata masa labari.

Dariyar ta ƙare ranar da landiroba biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu. Wani kamfanin gona ne ke son fadamar gabas da dajin da ke bayanta, inda mutanenmu ke rake da albasa, Fulani kuma ke bi da shanu. Sun zo da Bature manaja da wani jami'i ɗan kudu da ba ya jin Hausa sosai, da takarda da za a dangwala wa yatsa. An riga an gaya wa Alhaji za a yi titi har bakin babbar hanya, a haƙa rijiyar burtsatse, a ɗauki samari aiki. Alhaji da kansa ya aika a kira ƙanensa ya yi tafinta. Ina hutu, ina bayan ƙofar zaure, na ji komai.

Kawu ya sa jami'in ya karanta takardar a hankali, ya mayar da ita Hausa tsaf, bai rage ba bai ƙara ba: ƙasa ce da ba a amfani da ita, za a raya ta, wanda abin ya shafa za a duba lamarinsa. Mutane suka gyaɗa kai. Da ya tsaya nan da yanzu ana yabonsa baki ɗaya.

"Wanga shi ne abin da takarda ta ce," in ji Kawu. "Yanzu ga abin da take nufi. Ƙasar da ba a amfani da ita, fadamarku ce. Rakenku da albasarku, a wurin takardar ga, ciyawa ce. In kuka dangwala, kun shaida da hannunku ba ku taɓa noma wurin ba. Titi da rijiya kuwa, na saurara da kyau, babu su a ciki."

Alhaji ya ce masa ya zauna. Ya ce a gaban jama'a an kira shi ya ara wa baƙi baki ne, ba a kira shi ya ara wa gari hankali ba. Wani maƙwabcinmu ya miƙe ya ce malam ya karanta littafin kafirai ya zauce, shi mai gona a tudu me ya sani game da talauci, ya matsa gaba ya fara dangwalawa. Sauran suka bi. Waɗanda suka ƙi ba su cika hannu biyu ba, kuma ƙin nasu bai hana katafila zuwa ba.

Kafin damina ta zagayo an kewaye fadama da waya mai ƙaya. Samari kaɗan aka ɗauka, gadi. Rijiyar burtsatse aka haƙa ta cikin waya. Titi aka share shi daga babbar hanya zuwa ƙofar kamfani, ya tsaya nan, tsakaninsa da mu akwai rafi. Kada ku zaci mutane sun zo sun ce Malam ka yi gaskiya. Cewa aka yi bakinsa ne ya ɓata wa baƙi rai, shi ya sa aka hana gari abin da aka yi alkawari. Wasu mutum biyu masu tabarau baƙi suka zo suka zauna da Alhaji a zaure, suna tambayar wane irin littafi ƙanensa ke karantawa, da wa ke aiko masa. Alhaji ya ce tsufa ne kawai, ya sallame su da kaji. Tun daga ranar bai ƙara yi wa Kawu magana ba in ban da sallama. Kawu kuma, da yake shi ma kansa dutse ne, ya kira magini ya fasa ƙofa a katangar sashenmu ta baya, don kada ya riƙa ratsa zauren yayansa. Shekara biyu suna sallah sahu ɗaya, kowa ya koma gida ta ƙofarsa.

Maƙwabcin da ya fara dangwalawa, duk abin da yake da shi a fadamar yake. Da shuka ta zo ba shi da inda zai sa iri, ga 'ya'ya. Kawu bai kira shi ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya je gonarsa ta tudu da igiya, ya raba ta biyu, ya aika Inna ta gaya wa matar mutumin cewa ƙarfinsa ya ƙare, rabin nan zai zama saura in ba a taimake shi an noma ba. Na ce masa wannan ai wauta ce, mutumin da ya zage ka a bainar jama'a. Ya ce in rufe masa baki in ɗauko ƙamus. Maƙwabcin nan shi ne mai kukan da aka tsawata wa ranar sadakar uku.

Yanzu sai nawa laifin. Hutun ƙarshe da na yi da shi, saura 'yan shafuka mu gama. Mun kai inda ake bayanin mutanen wasu ƙauyuka da suka haƙa ramuka suka koma ciki da zama saboda jirage, ba sa fitowa gona sai in sama ta yi shiru. Ni jarrabawar fita na gabana, ina son aikin ofis a birni, kuma na gaji da jin mata suna yin shiru in na iso rijiya. Ya tsayar da ni kan kalma ɗaya kusan rabin awa, sai na rufe littafin da ƙarfi. Na ce masa me Baturen nan ya tsinana masa. Na ce fadama ta dawo ne, ko yaƙin can ya tsaya don wani tsoho a ƙauyen Faskari ya rubuta shi da ajami. Na ce shi marubucin yana can yana cin albashinsa, mu aka bari da gaba.

Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya goge bakin alƙalami a gefen buzu.

"Ba ta dawo ba, Malama Gaggawa," ya ce. "Amma ranar da aka ɗauke ta, an faɗi sunan abin da Hausa, kowa ya ji. Tashi ki yi karatunki. In kin dawo ma ƙarasa."

Sauran kwanakin hutun bai sake shimfiɗa buzun ba, ni kuma ban ce ya shimfiɗa ba.

Ciwon ciki ne ya kama shi. Inna ta ce kwana biyu yana murƙususu, rafi ya cika, mota ba ta iya ƙetarowa. Alhaji ne, wanda ya shekara biyu bai shiga sashenmu ba, ya shigo ta ƙofar bayan nan, ya sa aka aza ƙanensa a amalanke, da suka kai rafi ya tuɓe babbar riga ya goya shi a baya ya shiga ruwa har ƙirji. Sun kai titin kamfani. A nan bakin waya Kawu ya cika, suna jiran mota. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce Alhaji ba ya son ɗan'uwansa.

Washegarin sadakar bakwai aka fito da adakar Kawu tsakar gida. Alhaji ya ware tufafi, ya ware Alƙur'ani da littattafan addini ya ce a kai masallaci. Saura littafin mai rigar siminti da tulin takardun ajami, shekara uku na la'asar ɗinmu. Ya ce a haɗa wuta a bayan gida.

Na san ɗiyar ƙanwa ba ta da gado, ban kuma nemi ko tsinke ba. Na durƙusa na ce Alhaji a bar mini waɗannan. Ya ce littafin ba zai ƙara kwana a gidansa ba, ya raba shi da ƙanensa, ya jawo masa masu baƙin tabarau, kuma yana da 'ya'ya da ke neman aikin gwamnati. Na ce to a ƙone na Turancin, a bar mini na ajamin, rubutun hannun ƙanensa ne. Ya ɗaga shafi ɗaya ya nuna mini saman, inda gara ta fara ci. Ya ce kowace takarda a nan da sunan Allah a kanta, ni kuma makaranta zan koma, daga can sai gidan wani. In aka bar su za su ƙare a bakin awaki ko a ƙunshin ƙosai, alhakin yana wuyansa. Ya tambayi liman, an ce a ƙone a binne tokar wuri mai tsarki.

Na ɗaga murya, a gaban mutane, abin da ba a yi. Na ce ya ji tsoron Allah, ya hana shi magana yana raye, yanzu zai hana shi yana kabari. Matan gida suka riƙe ni. Alhaji bai ɗago ya dube ni ba. Littafin ya jefa shi da hannun hagu. Takardun kuwa sai da ya yi alwala, ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya da hannun dama, yana bismillah, hawaye na bin gemunsa. Ɗaya don ƙi, ɗaya don girmamawa, wutar dai guda ce. Tokar duka ta haɗu, ba a iya rabewa, aka binne ta tare a gindin katangar masallaci.

Ranar da zan koma makaranta, da hantsi, na shiga yi wa Inna sallama. Tana takaba, tana zaune kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ba kitso ba kwalli. Ta ce in saki labule. Ta miƙa hannu cikin jerenta ta sauko da wata kwalla daga can ƙasa, ta buɗe. Takardu ne a naɗe cikin ɗankwali, ba su fi goma ba. Ta ce tun ranar da aka fita da shi ta kwashe na saman adakar, don ta san halin gidan, kuma ba mai shiga ɗakin mai takaba ya yi bincike.

Na zaci ta ɗauka addu'o'i ne. Na fara lallaɓa yadda zan gaya mata ba abin da za a wanke a sha ba ne. Ta ce in daina mata kallon sakarya, shekara uku tana tuƙa tuwo tana jinmu, in karanta mata kawai.

Na karanta. Na ƙarshen da muka yi ne, rubutunsa manya-manya yana hawa yana sauka saboda idon. Mutanen ƙauye, da ramukansu, da yadda suke sauraron sama kafin su fita gona. Shafin ƙarshe ya yi Bismillah a sama, ya rubuta layi biyu da rabi, sauran fari ne. Nan ya tsaya ranar da na rufe littafin.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa fiye da yadda idonsa ya yi duhu, ya yafe masa zumar da ya sa wa maganar Turawa, ya saka masa da ranar da ya ƙi sawa. Ni ban san sunan littafin ba, ban san sunan mai shi ba. Na tambayi malamanmu biyu, ɗaya ya yi dariya, ɗaya ya ce in mai da hankali kan jarrabawa.

Inna ta jira ta ga ko zan juya shafi. Da ta ga babu, ta matso.

"To, mutanen ga da suka shiga rami," ta ce, "sun fito?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Ba mu kai wurin ba."

Ta karɓi takardun ta naɗe su cikin ɗankwalin, ta mayar cikin kwalla ta rufe. Ta duba ta ƙofa wajen darbejiya, inda buzun ke rataye tun ranar, sannan ta ce in tashi kada mota ta bar ni.